Tebur na Kusa da Taga

Shekara goma sha ɗaya muna ofis ɗaya a Padang,
ni kusa da ƙofa, Yusrizal kusa da taga.
Da hantsi yakan kwance shinkafarsa daga ganyen ayaba,
ya turo min rabin ƙwai da yajinsa,
ya ce, "Ci, Nofrianti, barkono na wanke ido."

Shi ne magatakardan kwamitin zaɓen shugaban jami'a.
Mutum uku ke nema, takarda ɗaya ce.
Ya ƙirga maki ran Talata, ya sake ran Laraba,
lissafi na nan inda yake,
don lissafi ba ya ɗaga waya.

Shi kam yana ɗagawa.
Ya miƙe tsaye kamar mai kiran yana ganin sa:
"To, yallaɓai. Na ji, yallaɓai."
In ya ajiye sai ya daɗe yana kallon bishiyar kwakwa.

An ce jaka ce ta shiga wani gida da dare,
an ce fili ne a bakin teku, wasu suka ce mota.
Ni ban gani ba.
Abin da na gani, na uku ya wayi gari na ɗaya,
ga gurbin sa hannu fari fat
a ƙarƙashin sunan Yusrizal.

Bai sa ba.

Sai aka tuna ya taɓa makara cikin azumi.
Aka tuna kuɗin tawada na shekarar girgizar ƙasa,
rasit ɗaya ya ɓace.
Aka kafa masa kwamiti, shi mai yi wa kwamiti rubutu.
A ɗakin shan kofi kujeru suka koyi ja da baya,
gaisuwa ta koma ɗaga gira.
Ni ma, ranar da ya turo rabin ƙwai,
na ce ina azumin nafila.
Ya ce, "Allah ya karɓa."
Ya naɗe ganyen bai ci ba.

Alhamis aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na iske babur ɗinsa inda ya bar shi jiya,
hular kwano cike da ruwa.
Mai shara ce ta buɗe ofis.
Ba zan faɗi yadda ta same shi ba;
ta koma ƙauyensu can kan tudu, ba ta ko karɓi albashin wata ba.
Ya jera fayiloli bisa haruffa,
ya wanke kofinsa ya kife,
ya ajiye makullin durowarsa a kan teburina.

Sanarwa ta ce gajeruwar rashin lafiya.
Matarsa Desmawati ta karanta sau biyu,
ta tambaye ni, "Wace cuta ce, ke da kike kusa?"
Na ce sai haƙuri.

Allunan furanni suka cika bakin ƙofar jami'a,
kowanne da sunan mai ta'aziyya da manyan haruffa.
Mako na zagayowa mai furanni ya dawo da tsani,
ya cire kalma biyu, ya liƙa kalma biyu,
allunan suka koma taya murna.

Da la'asar aka kawo min takardar.
An goge sunansa, an buga nawa.
Uwata na wankin ƙoda sau biyu a mako,
yarana biyu na makaranta.
Waɗannan dalilai ne, na san ba wanka ba ne.
Biro bai ko yi gardama ba.

Yanzu ni ce kusa da taga.
An ce ƙarin girma ne.
Makullin na cikin jakata, tsakanin carbi da katin asibiti.
Na san abin da ke durowar:
lissafin Talata, da rubutun hannunsa mai kwanciya hagu.
Kullum gwiwata na gugar ta in na zauna.
Jiya na sa makullin har rabi,
sai waya ta yi ƙara,
na tsinci kaina a tsaye.