Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

Kwana tara ina kiwon ƙwayoyin sammore,
jiya na fasa su da sabulun da ke narka ɓawonsu,
na juya a na'ura har tsaki ya kwanta.
Abin da ya taso bai cika cokalin shayi ba.
Furotin nawa ne a ciki?
Ruwa ya yi shiru, kallona kawai yake yi.

Goggo Tabawa a kasuwar Samaru
ba ta auna man gyaɗa da mudu,
ba ta zuba dawa a kwalba.
Takan ce, "Dubi hajarki kafin ki ɗauko ma'auni."
Ina ƙarama na zaci zancen ciniki ne.

Akwai hanyar hasken da ido ba ya kamawa,
minti biyu an gama, ba a ɓarnar ko ɗigo,
sai dai ba ta tantance baƙo da ɗan gida,
duk tarkacen da ya tare haske sai ta lissafa shi.

Akwai shuɗin rini, mai saurin kamu,
shi kowa ke yabo a ɗakinmu.
Na gwada shi ran Talata.
Kwalbar da ban sa komai ba sai sabulu
ta rine kamar ta kwana a marina.
Mai shaidar zur ke nan, ga fara'a ga ƙarya.

Tsohuwar hanya kuwa, wadda Dakta Yalwa ya girma da ita,
zuba wannan, jira, zuba wancan, sake jira,
tafiya ce daga Shika zuwa Ƙofar Doka a ƙafa,
ka isa ka tarar ka manta saƙon.

Saura ta jan ƙarfe,
mai tashi daga kore ta koma shunayya.
Ba ta faɗa da sabulu.
Sharaɗinta ɗumi, irin na jikin mutum, rabin sa'a cur,
ga shi an ɗauke wuta tun azahar.

Malam Barau bai ce uffan ba.
Ya juye ruwan fulas ɗin shayinsa a roba,
ya sirka, ya tsoma ma'aunin zafi,
ya sirka kuma.
Na jera kwalabe shida na furotin jinin saniya,
kowace na san nauyinta,
su ne mudun da zan gwada nawa da shi.

Ana kiran la'asar launi ya fara hawa,
daga fari-fari zuwa furen ƙasa mai duhu.
Tawa ta tsaya tsakanin ta uku da ta huɗu.
Janareta ya yi tari, na'ura ta buɗe ido,
na rubuta lambar da biro a tafin hannuna
don littafin yana can ƙasan jaka.

Da daddare Goggo ta ga tawadar, ta ce,
"Bashin wa kika rubuta?"
Na ce awo na yi.
Ta ce, "Kin dai share bakin mudun?"