Layi Biyu

Takardar shiga jami'a ta tambaye ni:
"Ina ka kasance tun da ka bar makaranta?"
Ta bar mini layi biyu.
Shekara goma sha huɗu, layi biyu.
Yatsana ya dinga lalubar kunama a jikin biro.

Ustaza Ihsan, a ɗan ofishinta na bayan laburare,
inda fanka ke juyi da fiffike biyu,
ta ce, "Rubuta aikin soja kawai.
Sauran ka zo da shi a baki.
Talata muke zama, akwai gahawa."
Ban ce zan zo ba.
Ta miƙo katin abinci da sunan wani likitan kunne,
don ta lura sai na juyo da hagu kafin in amsa.

Daminar Gadarif ba ta wasa.
Baƙar laka kan riƙe takalmi
riƙon mai bin bashi da ya daɗe yana cigiya.
Da ita nake isa aji har ƙauri,
in zauna can baya, kusa da ƙofa, bango a ƙeyata.
Yaran nan, sa'o'in autanmu,
Ammu suke ce mini, su rage murya in na gifta.
Ran da iska ta buga taga
sai ga ni ƙarƙashin benci,
ina neman hular kwanon da na mayar tun bara.
Ba wanda ya yi dariya.
Da ma sun yi.

Lissafi ya yi ƙaura bai bar mini sallahu ba.
Ofis ya haɗa ni da Muzammil, ɗan shekara sha tara,
bayan la'asar, gindin darbejiya.
In na kuskure, ya ce, "Ba komai, a sake."
A sake!
Inda na fito, kuskure ɗaya ake yi.

Sai a Talata ta biyar na leƙa.
Mu bakwai.
Siddiƙu mai karatun shari'a ya cire ƙafar roba
ya jingine ta kamar lema.
Ba wanda ya ambaci daji.
Kuɗin makaranta, tsadar wake, malamin da ba ya jin roƙo,
shi ke nan hirar.
Amma na ga Ustaza na ƙirga mu da ido
yadda nakan ƙirga mutanena da magariba,
in sake ƙirgawa ko lissafin zai canza.

Ranar zuwa gona aka ce kowa ya ɗebo ƙasar gwaji.
Yara suka hau sara da ƙarfi.
Ni na durƙusa,
na karkata wuƙa, na shigar da ita sannu,
ina sauraro da tafin hannu, numfashi a riƙe.
Dakta Haju ya tsaya a kaina:
"Wa ya koya maka wannan lallashi?"
Na ce, "Ita ƙasar."
Ya ce, "Ku taho ku gani, haka ake buɗe ta ba a ji mata ciwo."
Suka kewaye ni, ba wanda ya ja da baya.
Cikin hannuna: danshi, tana guda,
da ƙwayar riɗi da ta fara fasa baki.
Karo na farko ke nan da na tona rami
ban sa kowa ciki ba,
ban kuma ciro ajalin kowa ba.

Da dare na kira Inna a Mai Wurno.
"Yau me aka koya maka?"
Na ce ƙasa.
Ta yi dariya har da tari:
"Wadda ubanka ya noma ba takarda?"

Dakta ya ce rahoto kada ya wuce shafi biyu.
Wuta ta ɗauke, na kunna fitilar waya.
Ina shafi na biyar,
ban ma iso kan tanar ba.