Shirun Minti na Huɗu

A rumfar cajin waya ta Runjin Sambo
na iske samari sun haɗa kawuna
awa kaji bisa tsaba,
wayar Nafi'u a tsakiya tana haskawa.

Hoton baƙi da fari ne, yana yayyafi,
mutum biyar cikin kwat mai faɗin kafaɗa,
zufa tana bin wuyansu,
fitilun gidan talabijin ba su iya tausayawa.

Na ukun, dogon nan mai ƙahon tagulla a baki,
Nomau ne, ubana.
Ban ce uffan ba. Na tsaya ina dubawa.

Shamsu ya ce, "Wanga kiɗa ba kai ba gindi,
kowa ya kama gabansa awa an tashi kasuwar Acida.
Ga algaita a gida, mi ya kai su aron jaz?
Kuma dubi wandon, buhu biyu anka ɗinke!"
Sai dariya ta yi ta fashewa.

Nafi'u ya ce, "Kunnenka kwamfuta ta lalata.
Nan ba inji, ba gyara, ba a sake ɗauka,
in ka yi tuntuɓe gari duka na kallo.
Jira minti na huɗu ka ji gwanancewa."

Minti na huɗu ya zo.
Ƙahon ya hau, ya hau, ya kai maƙura,
sai ya yanke.
Mai ganga na ta shara da tsintsiyar ƙarfe,
Baba ya sauke ƙaho, idonai can bayan kyamara,
numfashi bakwai babu busawa.

"Ka ji ko? Shirun nan shi ne karatun.
Sai wanda ya ƙoshi da sauti ka iya barin shi."
"Mantuwa dai ya yi," in ji Shamsu,
"ku kuka mai da ita burgewa."

Ni kam biyu na taso ina ji a gida.
Baba ya ce a daren ne wani yaro ya kutso
ya ɗaga mai takarda daga bakin ƙofa:
an sauka lafiya, mace ce.
Shirun nan ni ce, Ige, ranar isowa.

Inna ta ce ƙarya yake, ina da wata uku a lokacin,
haƙorinsa na dama ne ya motsa,
kwana biyu ko fura ba ya iya kurɓawa.

Su biyun suna Tudun Wada yanzu, ƙarƙashin ƙasa,
ba mai raba gardamar.
Ƙahon na bisa kwabata, ya yi kore,
zanzaro ya gina ɗaki a bakinsa,
ni ko na hana a taɓa shi da gogewa.

Na biya kuɗin caji, na karɓi wayata.
Har na taka, sai na juyo:
"Yaro, mai da shi baya kaɗan,
wurin da ya yi shirun nika son maimaitawa."