Layin Fansho

Tun asuba muke nan, sanyin Jos na cizon kunne,
ni da fayil ɗin babana a hammata,
shi da sandarsa da tarin da haƙar kuza ta bar masa gado.
Lambarmu tamanin da bakwai.

Baba Davou ya matsa masa a benci.
Shekara ashirin suna shiga rami ɗaya a Bukur,
yau taga ɗaya suke jira ta buɗe.

Babana ne ya tono maganar, kamar kullum:
"Mulkin da bai san Allah ba kura ce a garke.
Da mai riƙe da biro yana tuna kabari,
da haƙƙinmu bai kwana wata goma sha ɗaya a aljihun wani ba."

Davou ya yi dariya har hular ulunsa ta zame.
"Tanimu, wanda ya ci kuɗin nan
a sahun gaba yake tsayawa.
Namu ma kujerar gaba yake zama ran Lahadi.
Bara an raba kujerun Makka da na Urushalima,
asibitin unguwarmu ko auduga babu.
Gwamnati ta gyara famfo, ta biya mu,
hanyar sama ta bar mana, mun san ta."

"To wa zai tsawata wa mai mulki in malami ya kame baki?"

"Wane malamin? Wanda aka ba mota?
In baki ya ci, ai ido sai kunya."

Babana ya yi tari mai tsawo.
Ban sani ba ko amsa ce.

Ni dai ina cike fom a kan gwiwata.
Akwai gurbin addini, na rubuta.
Na duba gaba da baya,
babu gurbin bashin mai shago,
babu na maganin tari.

Ƙarfe ɗaya aka ja labulen taga.
Akawu ya tafi masallaci,
abokiyar aikinsa tana taron addu'a a bene.
An tsaya a lamba hamsin da biyu.

Babana ya miƙe, yana laluben buta.
Davou ya karɓi takardar lambar,
ya cusa a aljihu tare da tasa.
"Je ka, ina riƙe maka wuri.
Ka roƙa mana a buɗe da wuri.
Kuma ka dawo, ban gama da kai ba."

Hadari ya taso ta wajen dutsen Shere.
Lema ɗaya muka zo da ita.