Ɗaya ga Agusta

A Delhi, hawa na uku, ɗaki mai lamba tara,
inda fanka ke tuƙa zafi kamar tuwo,
na shimfiɗa sanarwar jarrabawa a kan katifa,
na bi ta da yatsa, layi bayan layi,
kamar mai laluben sakata cikin duhu.

Ɗan ƙasa? Ni ne.
Kakana ya haƙa rijiyar da ƙauyenmu ke sha har gobe.
Digiri? Ga shi a leda,
da hatimin jami'ar Darbhanga bai ko dushe ba.
Sau nawa ka zauna? Biyar.
Ta shidan na rufe ta da toka kamar garwashi,
na ce bana zan hura.

Sai na iso kan shekaru.
Kada mutum ya cika talatin da biyu
ranar ɗaya ga Agusta.
Ranar haihuwa kuwa, in ji takarda,
ita ce wadda ke kan shaidar sakandare.
Ba a karɓar ta bakin ungozoma.

Tawa ɗaya ga Agusta ce.

Kwana guda.
Da bakin alƙalami ya ɗan lanƙwasa ya zama biyu,
da yanzu ina layin ɗaukar hoto.

Na tuna hedimasta Baidyanath,
da tabaransa da aka ɗaure da zare.
Babana ya kai ni, laka har gwiwa,
aka ce, yaushe aka haifi yaron?
Ya sosa ƙeya, ya ce shekarar da kogi ya ci gada.
Hedimasta ya ɗaga kai ya dubi kalandar kamfanin taki,
ya rubuta abin da ya gani.
Mu goma sha ɗaya aka haifa rana guda a ajinmu,
har da Phulwa da yayarta
wadda ta goye ta.

Na kira uwata.
Ta ce, Nilotpal, wane irin Agusta?
Shinkafa ta sunkuyar da kai lokacin,
sanyi ya fara shigowa,
an jera fitilu a bakin kowace ƙofa,
ni ina ciki ina naƙuda,
ko alewar bikin ban ɗanɗana ba.
Ta rantse da nonon da na sha.
Wata uku ke nan tsakanin ni da ni.
Amma uwa ba ta da hatimi.

A ofis, magatakarda na cin wake da gurasa.
Ya goge yatsa, ya duba, ya sake dubawa,
ya ce, ɗan'uwa, ba ni na rubuta ba.
Gaskiya ya faɗa.
Wanda ya rubuta ya zama toka tun bara waccan,
kogi ya tafi da shi,
ya bar ni da rubutun hannunsa.

Jiya na kai littattafaina kan sikeli.
Tarihi, tsarin mulki, taswirar damina,
shekara tara a ɗakin haya,
gonar da aka jinginar,
auren da aka ɗaga sau uku:
kilo arba'in da uku.
Mai saye ya zaftare biyu, wai danshi.

Littafin rubutuna kaɗai na hana shi.
Wata yarinya a wurin mai shayi,
Ipsita, jakarta da ƙurar jirgin Cuttack,
tana ta satar kallon bangonsa.
Na miƙa mata. Ta ce nawa?
Na ce bar kuɗin, shekarunki nawa?
Ta ce ashirin da biyu.
Na ce, a bakin wa?

Ta yi dariya, ba ta gane ba.
Na ce je ki buɗe ledarki ki duba,
kafin shayin ya huce.