Saƙon da Jini Ya Ɗauko

Kawu Manu ya ƙi a zura masa bututu.
"Shekara sittin da uku ba wanda ya leƙa hanjina,
ba kuwa a Garwa za a fara ba."
Hannu kaɗai ya yarda ya miƙo,
hannun da igiyar taru ta yi wa kanta.
Na ɗebi abin da bai cika cokali biyu ba.

Yanzu dare ya raba, asibiti ya yi tsit,
sai injin da ke wulwula jininsa,
mai nauyi ya kwanta, mai sauƙi ya taso.
Abin da nake nema ya fi ƙurar gero ƙanƙanta:
'yan ƙunshi da ƙwayoyin jiki ke ƙullewa
su jefa cikin jini,
kamar mata masu ba direban Marwa saƙo,
kowane ƙulli da kamannin gidan da ya fito.

Lafiyayyar tsoka tana aikawa.
Ciwon daji ma yana aikawa,
shi da ke zaune a lungun hanji kamar baƙon kirki,
ashe bakinsa ba ya riƙe magana.

Shi Kawu ya koya mini wannan karatu,
ina yarinya, a bakin Binuwai.
Ya tsamo ɓawon itace, ya shinshina,
ya ce an yi ruwa a Lagdo shekaranjiya.
Ruwa ba ya tsami banza, 'yar nan.

To, ga ni bakin nasa kogin.
Tambaya biyu nake wa ƙunshin:
yana nan?
In yana nan, ina ya kai,
yana bango, ko ya haura katanga ya nufi hanta?

Likita ta ce kada in yi gaggawa,
aikin nan bincike ne, bai zama hukunci ba,
gobe sai mun lallashe shi ya karɓi bututun.
Na sani.

A ɗaki na huɗu yana tari,
ya ajiye mini busasshen kifi cikin jarida,
ya ce ladan allura ne.
Injin ya tsaya.
Na ɗaga kwalbar saitin fitila,
a gindinta ɗan ɗigo, da kyar ido ke kama shi.
Na yi bisimilla,
na fara kwance ƙullin.