Iyakar da Gulbi Ya Ƙaura Ya Bari

Wani mai ofis a Yamai,
wanda bai taɓa shan ruwan rijiyarmu ba,
ya shimfiɗa taswira, ya bi gulbin Maradi da jan alƙalami,
ya ce: nan ne iyaka.
Gabas mazaɓa guda, yamma wata.
Bai tambayi gulbi ko yana da niyyar zama ba.

Damina uku gulbi ya yi ladabi.
A ta huɗu ya tashi cikin dare kamar wanda ake bi bashi,
ya cinye rogon Barmo, ya koma bayan tsamiya ya kwanta,
ya bar jan layi cikin busasshen rairayi
tsakanin ƙofata da ta ƙanena Nomau.

Tun daga ranar, akushinmu ɗaya, akwatinmu biyu.
Ni taki ɗari biyu ke kai ni lakwal.
Shi sai ya yi sammako da jaki zuwa garin da ba shi da ko suruki,
ya dawo bayan la'asar
da tawada a yatsa da yunwa a ciki.

Na san lissafin garin nan, don ni ke riƙe fitila daren ƙidaya.
Shekarar kati ɗaya kowa ya ce i.
Har tsohuwa Cima, da muka rufe tun da kaka, ta ce i.
Na ga sunanta, na ga dangwalenta.
Shekarar da alamu suka yi yawa kamar atamfa ranar kasuwa,
mai tulu ya samu ɗari da sha tara, mai tsani casa'in,
bakwai suka lalace.
A ɗaya an zana kan akuya.
Na gane hannun, kuma har gobe ba ni faɗi.
Zaɓe na gaba masu tulu suka koma tsani
saboda buhun taki da ba a raba daidai ba,
Tasalla ta yi wata biyu ba ta gaida maƙwabciyarta.

Sai shekarun da rediyo kan wayi gari da kiɗan soja.
Akwati ya koma bayan allo a lakwal,
kazar mai gadi ta yi ƙwai a ciki,
ta ƙyanƙyashe tara.
Ban taɓa ganin ƙidayar da ba a yi gardama a kanta ba sai wannan.

Wanda muka tura majalisa ya zo sau ɗaya.
Ya tsaya bakin rijiyar da ta zabtare, ya buɗe takarda,
ya ce ba ta cikin rabonsa, ta tsallake da taki shida.
Na su Nomau ya zo bayan mako, shi ma da tasa takardar,
ya ce lalle ta tsallake, amma ta wancan gefen.
Mata dai ba su fasa jan wasaki ba
daga rijiyar da ba ta da wakili.

Bara Nomau ya rasu.
Maƙabarta na gefena,
mutum huɗu suka ƙetaro da shi bisa kafaɗa,
babu wanda ya nemi katinsa.
Shekara talatin ke nan sai yanzu muka zama ƴan mazaɓa ɗaya.
Sunansa, an ce mini, yana can a jerinsu.
Ina tsoron ranar da za a ce ya yi sammako.

Jiya jikata Zuwaira ta ce in nuna mata iyakar.
Na kai ta tsohon kwari inda muke shuka kankana.
Ta duba, ta duba.
Yaɗo ya fito daga gabas, ya haifi ɗiyarsa a yamma.
Ta ce, Kaka, to wannan ta wa ce?
Na ce ɗauko wuƙa.